Baƙon Gonar Albasa

Ban san sunanka ba.
Giɗaɗo mai shanu ya ce ko kakansa bai sani ba.
Ɗan rakiya yake ce maka,
don duk inda bijiminsa ya ɗaga kofato kana nan,
kana tsince abin da ciyawa ta tofar:
'yar fara, ƙuda, sauron da ya makara.
Ni kuwa mai ban-ruwa a ƙasan madatsar Dadin Kowa
na raɗa maka Ƙi-zauna,
saboda jelar nan da ba ta hutawa,
sama, ƙasa, sama,
kamar faifai a hannun mai shiƙa.

Ba ka zuwa sai gero ya shiga rumbu.
Ina duƙe ina dashen albasa
sai in ji kira a bisa kaina, siriri kamar zare a kafar allura.
In ɗaga ido: ka iso.
Ba sallama, ba tsaraba,
ƙirjinka ya koɗe kamar atamfar da ta sha wanki,
nauyinka bai fi na goro ɗaya ba.
Na sani, don na taɓa riƙe ka.

Bara ne.
Tarkon da ɗana ya ɗana wa jan-baki
kai ya kama.
Zuciyarka na dukan yatsana
fiye da injin ban-ruwa in ya sha sabon mai.
A ƙafarka ta hagu ga zobe,
ɗan farin ƙarfe mai lambobi da sunan wani gari.
Malam Sa'adu na firamaren Hinna ya juya shi, ya sake juyawa,
ya goge tabarau, ya ce,
"Wannan bayan hamada ne, bayan teku,
inda kogi ke daskarewa har a taka shi."
Na ce, "Da waɗannan fukafukan?"
Ya ce, "Da su. Ba salka, ba guzuri."

Ashe akwai wani mutum can
da ya riƙe ka yadda na riƙe ka,
ya ji bugun da na ji,
ya buɗe hannu.
Yana ce maka nasu, ina ce maka namu.
Can kake aure, in ji Malam,
can ake saƙa sheƙa a ƙasa, cikin ciyawa,
can kake sakin murya gaba ɗaya.
Mu nan guntun kira kake ba mu,
kamar ɗan cirani mai tsimin magana.
Ban ji haushi ba.
Wanda ya ci daga gonarka wata shida
ai ya wuce baƙo.

In magariba ta yi, ina naɗe tiyo,
kukan taso daga kowace fadama,
goma, hamsin, har lissafi ya ɓace mini,
ku zube cikin kacalla a bakin Gongola,
ku yi ta 'yar hayaniya kamar kasuwar da za ta watse.
Sai tsit.
Kwaɗi su karɓi dare.

Yanzu zafi ya sauko.
Ɗorawa na nuna, ƙirjinka na nuna,
ka yi rawaya, ka yi ƙiba,
ci kake yi ba ɗaga kai
kamar wanda aka faɗa wa nisan hanya.
Jiya na lura ba ka kula bijimin Giɗaɗo,
arewa kake kallo.

To, mu yi sallama tun kana nan,
na san halinka, ba ka ban-kwana.
Albasata za ta yi kudu a bayan tirela,
kai ka yi arewa a kan iska,
ni in zauna da kwamin da ya bushe
da bashin taki.

In ka isa, ka gai da mai zoben.
Ka ce masa a nan ma an ciyar da kai.
Ka ce yaron ya tsinke tarkonsa da kansa,
kuma tun an yanke gero
yake bin ƙafafun tsuntsaye da ido,
yana neman abin da ke ƙyalli.